Ƙwayar bitamin D da K2 don ƙarfin ƙashi: Hajiya ta sha ko ta bari?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Daga Tawa nake. Mahaifiyarmu tana da shekara 67, ta daɗe tana kukan gwiwa da baya. Ƙanena da ke bida a Abijan ya aiko mata da kwalbar ƙwayoyi, an rubuta D3 5000 IU da K2 MK-7 100 mcg, ya ce maganin ƙarfin ƙashi ne, a sha ɗaya kullum. Shin ta sha? Sannan ƙanwarta da aka yi wa aikin zuciya, tana shan Sintrom, ita ma ta ce a ɗibar mata.

Amsa: Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka wa ƙanenka da alheri. Da wutsiyar tambayarka zan fara, don ita ce ba ta jira. Innarku mai shan Sintrom kada ta haɗiyi ko ƙwaya ɗaya daga kwalbar nan. Sintrom da Préviscan da warfarin magungunan tsinka jini ne, aikinsu guda ne: suna tare wa bitamin K hanya a cikin hanta don kada jini ya yi saurin daskarewa. Wanda ya sha K2 a kansu ya warware abin da maganin ya ƙulla. Idan marfin zuciya na ƙarfe aka sa mata, gudan jini na iya liƙewa a jikin marfin, ko ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. A wani gwaji da aka buga a 2013 a ƙasar Holan, an ɗora mutane kan sinadarin da ke cikin Sintrom, aka ba su MK-7, wato irin K2 ɗin da ke kwalbarku, maikirogiram 10 ko 20 kacal a rana, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa ya sauke awon INR, wato awon da ke nuna yadda maganin ya tsinka jini, na da yawa daga cikinsu. Kwalbarku 100 ce a kowace ƙwaya. In har ta riga ta sha, ta daina, a kai ta awon INR ba tare da jinkiri ba, a gaya wa likitanta abin da ta sha da tsawon kwanakin. Ganye kuwa ba a hana ta ba. Abin da ake so shi ne ta riƙa cinsa daidai wa daida, kada yau ta cika kwano da zogale sannan ta yi wata guda ba ta taɓa ba.

To, mu dawo kan Hajiya. Kafin maganar ƙwaya sai an san ciwon, domin a bakin mutanenmu duk abin da ya taɓa gwiwa da baya da ƙugu sunansa sanyin ƙashi, alhali cututtuka ne da maganinsu bai haɗu ba.

Mafi yawan dattijan da ke kukan gwiwa, gaɓar ce ta cinye. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya siɗe, shi ne abin da za ka ga an rubuta arthrose a takardar asibiti. Ciwon yakan taso in an miƙe daga zaune, ko a ruku'u da sujada, gwiwa na ƙara, da safe ta ɗan sanƙare sannan ta saki kafin rabin awa. An gwada bitamin D a kan wannan ciwo a Amurka da Ostareliya, kowanne na tsawon shekara 2, bai rage ciwon ba kuma bai tsayar da lalacewar guringuntsin ba. Abin da ke taimakawa shi ne rage ƙiba in akwai, ƙarfafa naman cinya da motsa jiki, riƙe sanda, maganin shafawa, da yin salla a kan kujera ranar da gwiwa ta ƙi.

Na biyu zaizayar ƙashi ce, ostéoporose a takarda. Ita ba ta ciwo. Bayan mace ta daina al'ada sinadarin estirojin yana faɗuwa, ƙashi ya riƙa raguwa ta ciki, har ta iya rasa kusan kashi 10 cikin 100 a shekaru 5 na farko ba ta ji komai ba. Ranar da aka sani ita ce ranar karaya: ta zame a bakin rijiya wuyan hannu ya karye, ko ta faɗi a tsakar gida ƙugu ya tafi. Wani lokacin ƙashin baya ne ke durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga tsohuwa ta ranƙwafa, tsayinta ya ragu, igiyar shanyar da take kaiwa da ta fi ƙarfinta. Shi ya sa ciwon bayan Hajiya ya fi ɗaukar hankalina a kan na gwiwar. In ya zo mata farat ɗaya bayan ta ɗaga bokiti ko ta sunkuya, ko kun lura ta gajarce, a yi mata radiyon gadon baya, wato hoton ƙashi na asibiti.

Na uku shi ne laushin ƙashi, ostéomalacie, kuma shi ne wanda bitamin D ke warkarwa da gaske. Ƙashi yana nan amma bai samu kalsiyom ɗin da zai taurara shi ba. Mai shi na jin ciwo mai zurfi a ƙugu da cinya da haƙarƙari, in ka danna ƙashin ƙwauri ta yi tsalle, tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa ko an kama ta, tafiya kuma tana rangaji hagu da dama. A yara wannan cutar ce ke kawo ƙafar baka da gwame da kumburin wuyan hannu.

Ga yadda bitamin D ke aiki. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyom ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora, amma jini ma yana buƙatarsa kowane lokaci don zuciya ta buga, nama ya motsa. Hanji ba ya iya tsotso kalsiyom daga abinci yadda ya kamata sai da bitamin D: in babu shi, kashi 10 zuwa 15 kawai ke shiga jini, in akwai kuwa 30 zuwa 40. Idan abin da ya shigo bai isa ba, wasu ƙananan ƙululai huɗu da ke bayan maƙoshi suna sakin sinadarin da ke umartar ƙashi ya ba jini daga nasa. Ƙashi rumbu ne, jini kuma mai gida: ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba sai an ci tuwo, rumbun ne zai ji a jikinsa. Bitamin D ɗin kansa fata ce ke ƙera shi idan wani sashe na hasken rana da ake kira UVB ya taɓa ta. Daga nan hanta ta juya shi juyi na farko, wanda shi ake aunawa a jini, ƙoda ta yi juyi na biyu ya zama mai aiki. Don haka mai ciwon ƙoda mai tsanani ko ya sha kwalba guda ba lallai ya amfana ba, nasa magani daban ne.

Za ka ce, a Tawa kuma ana rasa rana? Gaskiyarka. Garinku yana wajen digiri 15 arewa da tsakiyar duniya, mu a Yamai 13 da rabi, babu watan da rana ba ta iya wannan aiki a fatarmu, saɓanin Ingila da arewacin Faransa inda daga Oktoba zuwa Maris hasken ba ya isa. Manomi da makiyayi da mai tallan nono ba su da wannan matsala. Amma rana tana sama ne, sai ta taɓa fata. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta ƙera adadi ɗaya. Gilashin taga da na mota yana tare UVB, tufafi ma haka. Fatar mai shekara 70 ba ta ƙera rabin abin da ta matashi ke ƙerawa. Ƙiba tana ɓoye bitamin ɗin a cikin kitse. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke kora kowa ɗaki tun hantsi, ga ƙurar hunturu da ke rage hasken. Matar da ke kulle a gida mai rufin kwano ko'ina, wadda in ta fita sai da hijabi har ƙasa da safa, da ma'aikacin da ke fita daga mota ya shiga ofis mai sanyi, da tsohon da ciwo ya kwantar, duk suna iya rasa shi a tsakiyar Sahel. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara awon da aka yi a ƙasashen Afirka sama da 20, ya samu kusan mutum 1 cikin 3 bai kai ma'aunin da ake so ba, kuma abin ya fi yawa a mata da jarirai da mutanen birni. Ma'aunin a awon jini shi ne 20 ng/mL zuwa sama ya wadatar da ƙashi, ƙasa da 12 kuma rashi ne na gaske.

Saboda haka tambayar da zan yi maka ita ce, ina Hajiya take wuni? In tana zama tsakar gida da hantsi, tana tsince hatsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe kamar rabin awa, kwana uku ko huɗu a mako, da wuya a ce ta rasa bitamin D. Kuma rana ba ta sa shi ya yi yawa, fata na tsayawa da kanta in ta ƙoshi. In kuwa gwiwa ta zaunar da ita ɗaki shekara da shekaru, tana cikin waɗanda ƙwayar za ta yi wa amfani.

Wannan bambanci shi ne abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna, kuma shi ne masu talla ba sa faɗa. A 1992 aka buga wani gwaji na Faransa a kan tsofaffin mata 3,270 da ke zaune a gidajen kula da tsofaffi, shekarunsu wajen 84, ba sa fita rana, abincinsu ba kalsiyom sosai. An ba rabinsu kalsiyom miligiram 1,200 da bitamin D 800 IU kullum (IU shi ne ma'aunin da ake ƙidaya bitamin D da shi). Cikin wata 18 karayar ƙugu ta ragu da kashi 43 cikin 100 a waɗanda suka sha har ƙarshe. Shekara 30 bayan haka, a 2022, aka fitar da sakamakon gwajin VITAL na Amurka: mutum 25,871, masu yawo da ƙafarsu, yawancinsu ba su rasa bitamin ɗin ba, rabi suna shan 2,000 IU kullum, rabi ƙwayar da ba komai a cikinta, har sama da shekara 5. Karaya ba ta ragu ba ko kaɗan. Ba saɓani ne tsakanin gwajin biyu ba. Na farko ya cike gurbi, na biyu ya zuba a kan abin da ya riga ya cika.

Da a ce ƙarin bai da amfani kawai, da da sauƙi. A Ostareliya a 2010 an ba mata 2,256 masu shekara 70 zuwa sama 500,000 IU sau ɗaya a shekara ko ƙwayar wofi. Waɗanda suka sha bitamin ɗin sun fi faɗuwa kuma sun fi karyewa. A Kanada a 2019 an kwatanta 400 da 4,000 da 10,000 IU kullum na shekara 3, sai ƙashin hannun masu shan mai yawa ya fi raguwa. Abin da hukumar ilimin likitanci ta Amurka ta tsayar a 2011 shi ne 400 IU ga jariri, 600 daga shekara 1 zuwa 70, 800 bayan 70, kuma kada babba ya wuce 4,000 a rana sai likita ne ya sa shi don magani. Kwalbar ƙanenka 5,000 ce, ta haye iyakar. A kwalayen Faransa UI za ka gani maimakon IU, abu ɗaya ne. In kuma da maikirogiram aka rubuta, kowane 1 daidai yake da IU 40.

Bitamin D yana narkewa a kitse ne, ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake. In ya yi yawa kalsiyom na hauhawa a jini: ƙishirwa marar ƙarewa, yawan fitsari, bushewar ciki, amai, kasala, rikicewar tunani a tsofaffi, daga baya tsakuwar ƙoda ko lalacewar ƙodar. A ƙasar da zafi ke kafe mutum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda na fi ganin haɗarin a wurinmu shi ne ampul ɗin sha, irin su Uvédose mai 100,000 UI. Ana rubuta shi ɗaya duk wata uku, sai mai jinya ya ji daɗin farko ya koma farmasi ya riƙa sha duk mako, ko ya haɗa shi da ƙwaya irin taku da wani sirop na ƙarin jini da shi ma yake ɗauke da D. Mai tarihin tsakuwar ƙoda, da mai ciwon ƙoda, da mai tarin fuka da ake jinya, kada su fara sai da likita.

Akwai kuma abin da ya fi bitamin D ƙaranci a kwanonmu, shi ne kalsiyom ɗin kansa. Maƙwabtanmu a Jos sun nuna haka. A 1999 aka buga gwajin da aka yi wa yara 123 masu ƙafar baka a can, yaran da ke wasa a rana kullum amma abincinsu bai wuce kalsiyom miligiram 200 a yini ba. Waɗanda aka ba kalsiyom, shi kaɗai ko tare da D, sun fi warkewa nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka ba D kaɗai. Tuwon gero da na masara da shinkafa kalsiyom ɗinsu kaɗan ne, dusar hatsi kuma na ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan wanda ke akwai. Babba ana so ya samu wajen miligiram 1,000 a yini, mace mai shekarun Hajiya 1,200 a lissafin Amurkawa. Ba sai an kai can cif ba, amma tsakanin 300 da 800 akwai tazarar da ƙashi ke ji.

Ku mutanen Adar, wato yankin Tawa, a nan kun fi mu sa'a. Kofin nono na kwata lita yana da wajen miligiram 300, kindirmo ma haka, ga cukun Abalak da Cintabaraden wanda nono ne aka tattara aka busar. Matsalar ita ce furar da ake damawa da ruwa rabin ƙwarya da nono ludayi biyu, a ce an sha nono. A ƙara mata nonon na gaske. Busasshen garin kuka da na zogale kowanne ya haura giram 1 na kalsiyom a cikin giram 100, don haka miyar kuka mai kauri ba abin rainawa ba ce. Riɗi ma yana da shi. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu, da sardin na gwangwani, suna ba da kalsiyom, sardin ɗin har da bitamin D a kai. Ƙwai yana da D amma kaɗan, wajen 40 IU a gwaiduwa ɗaya, ba a dogara da shi. In abinci ya gaza aka koma ƙwayar kalsiyom, kada ta wuce miligiram 500 a shan guda, a sha da abinci, a raba ta da maganin ƙarin jini da na maƙoƙo da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifuro da doksi da awanni, don tana hana su shiga jiki. Ita ma ba a cika ta: a babban gwajin mata 36,282 na Amurka da aka buga a 2006, masu shan kalsiyom da D sun fi samun tsakuwar ƙoda da kashi 17 cikin 100.

Sai bitamin K. Henrik Dam ne ya gano shi a Danmak a 1929, a jikin ƴan tsakin da ke zubar da jini, ya samu kyautar Nobel ta 1943 a kai. Babban aikinsa daskarar da jini ne. Iri biyu ne: K1 na cikin koren ganye, K2 kuma yawanci ƙwayoyin bakteriya ne ke yin sa, a hanjinmu da cikin cuku da wani abincin Japan mai suna natto, waken soya da ake ruɓarwa irin yadda ake daddawa. MK-4 da MK-7 rassan K2 ne. Alaƙarsa da ƙashi gaskiya ce: akwai wani furotin a ƙashi, ostiyokalsin, da ba ya kama kalsiyom sai bitamin K ya kunna shi, akwai wani kuma a bangon jijiya da ke hana kalsiyom kwantawa a can. Daga nan aka gina tallan da kake ji, wai D ya ɗauko kalsiyom, K2 ya raka shi ƙashi kada ya ɓace a jijiya. Magana ce mai daɗin ji, kuma a ɗakin bincike tana da tushe. A jikin mutane ne ta kasa tsayawa da ƙafarta.

A Kanada a 2008 an ba mata 440 masu raunin ƙashi K1 miligiram 5 kullum ko ƙwayar wofi, kaurin ƙashinsu bai bambanta ba. A Holan a 2013, mata 244 da MK-7 maikirogiram 180 na shekara 3, an ga raguwar ƙashi ta ɗan yi sauƙi. Wannan shi ne gwajin da masu sayarwa suka fi ambata, amma ƙarami ne, ba a gina shi don ƙidaya karaya ba. Bayansa a Danmak an ba mata 142 ninki biyu na wannan adadi, 375, shekara 3, tare da kalsiyom da D, ba a ga bambanci a kaurin ƙashi ba. Maganar wanke jijiya ma an gwada ta a Danmak ɗin, maza 365 suna shan 720 na shekara 2, aka buga a 2022, taurin marfin zuciyarsu bai ragu ba. Japan ta daɗe tana rubuta K2 a matsayin maganin zaizayar ƙashi, tun 1995, amma MK-4 ne miligiram 45 a rana, wato ninki 450 na abin da ke kwalbarku, kuma gwajinsu mai mata sama da 4,000 da aka buga a 2009 bai nuna raguwar karayar baya a jimlarsu ba. Wani abin takaici, da yawa daga cikin rahotannin da suka fara ɗaga sunan K2 na wani likitan Japan ne, Yoshihiro Sato, wanda aka gano ƙirƙirar alƙaluma yake, mujallu suka janye ayyukansa da dama.

A ganina kuɗin K2 kuɗin banza ne ga mai cin miya. Babba yana buƙatar wajen maikirogiram 90 zuwa 120 na bitamin K a yini, ɗan kwano ɗaya na dafaffen alayyafo ya ninka haka. Zogale, rama, yakuwa, lalo, tafasa, salak, shu, duk suna da shi, kuma da yake sai da mai yake shiga jiki, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya gama magana. Masu rasa shi da gaske su ne jarirai sabbin haihuwa, shi ya sa ake yi musu allurar miligiram 1 ranar haihuwa don kada su zubar da jini, sai masu ciwon hanta ko toshewar matsarmama, masu zawo na watanni, da wanda ya daɗe a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya cin abinci. Ga wanda ba ya shan maganin tsinka jini, K2 na kwalbar ba a san shi da cutarwa ba. Ba dai shi ne zai hana karaya ba.

Wani abu da nake roƙon ka bincika a ɗakin Hajiya da kanka, a cikin jaka da ƙarƙashin matashi: ƙwayoyin ƴan tebur da masu yawo da magani a ka. Tsofaffi masu ciwon gwiwa ana yawan haɗa musu ƙulli mai deksa ko firedinizon a ciki. Ciwon yana lafawa nan take, shi ya sa suke yarda da shi, amma babu maganin da ke cin ƙashi kamarsa, cikin ƴan watanni yake fara ɓarna, ga hawan jini da sukari a kai. Shi ne kuma ƴan mata ke sha don ƙiba, danginsa ne ke cikin mayukan bilicin masu ƙarfi. In kun same shi kuma ta daɗe tana sha, kada a yanke rana ɗaya, jiki na iya faɗuwa; likita ne zai sauke shi sannu a hankali. Gardénal da sauran wasu magungunan farfaɗiya, da rifamfisin na tarin fuka, su kuma suna ƙone bitamin D a hanta, masu shansu na dogon lokaci sukan buƙaci ƙari.

Abin da zan ba ku shawara ke nan. Ku kai ta asibiti nan Tawa a duba gwiwar da bayan da hannu, a auna tsayinta. Awon bitamin D na jini yana da tsada, kuma ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka a 2024 ta ce ba sai an riƙa yi wa masu lafiya shi ba. Akwai masu araha da ke faɗin abu da yawa: calcémie, phosphorémie, phosphatases alcalines da créatinine, haka za ka gan su a takarda. In alamun laushin ƙashi ne, likita zai ba ta adadi mai yawa na ƴan makonni sannan a sauko, kuma za ku ga ta miƙe cikin watanni. In radiyo ya nuna ƙashin baya ya durƙushe, ko ta taɓa karyewa daga faɗuwar tsaye, to zaizaya ce, kuma bitamin ba ya isa. Maganinta irin su alandironat ne, miligiram 70 sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da kofin ruwa cike, a zauna a miƙe rabin awa ba kwanciya. D da kalsiyom rakiya suke yi masa. Ku kuma gyara mata hanya, domin ƙashi mai rauni sai an faɗi yake karyewa: fitila a hanyar ban-ɗaki, turken akuya da igiyarsa a kauce, takalmi mai riƙe dunduniya, a duba idonta ko yana ta rufe, a faɗa wa likita in maganin hawan jini na sa ta jiri in ta miƙe. In Allah ya kawo tsautsayi ta faɗi ta kasa taka ƙafa, asibiti za a nufa da ita a ranar, ba wurin mai ɗori ba; karayar ƙugu a ciki take, kara da tsumma ba sa kai wa gare ta.

Kwalbar kuma ba sai an zubar ba. In Hajiya ba ta shan maganin tsinka jini, ba ta da tarihin tsakuwa, awon ƙoda da kalsiyom ya fito lafiya, ta sha ƙwaya ɗaya a mako maimakon kullum. Da yake jiki na ajiye shi, 5,000 a kwana bakwai ya zama wajen 700 a rana, kusa da abin da shekarunta ke so. Ku tsayar mata da rana guda, kamar Juma'a, ta sha bayan abinci mai ɗan maiƙo. A duba ranar lalacewa, a ajiye ta inda zafi bai kai ba kuma jikoki ba sa kaiwa. In ta ƙare, ka ce wa ƙanenka ya turo kuɗin a riƙa saya mata nono da cuku, in ana buƙatar D kuma a sayi mai 800 ko 1,000 shi kaɗai a farmasi.